Wa Ya Ɗauke Jan Biron Malam? Halin da Rubutun Ɗalibai Ke Ciki a Masarautar Daura

Babu yaron da zai tashi a unguwar Kusugu, ko a wata unguwa cikin birnin Daura, bai haddace labarin rijiyar Kusugu ba. Ya san Bayajidda ya iso gari da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa sai ranar Juma'a. Ya san macijiyar, ya san Sarauniya Daurama, ya san yadda aka yi aka samu Hausa Bakwai. In ka ce ya ba ka labarin zai zubo shi tiryan-tiryan, ba gargada, ba inda-inda. To amma miƙa masa takarda da biro, ka ce ya rubuta abin da ya gama faɗa cikin layi goma. A nan za ka ga "yace" da "sukace" a manne, "ya na" da "su ka" a rabe, shafi guda babu aya babu waƙafi, ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ kuwa ba za ka gan ta ba ko sau ɗaya. Yaron nan yana iya zama ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, wato shekararsa ta tara ke nan yana saɓa jaka zuwa makaranta.

In ka ce ya rubuta da Turanci abin ya fi haka muni, kuma wannan ne kaɗai ke tayar wa iyaye hankali. Uba zai taka har makaranta ya yi ƙorafin ɗansa bai iya Turanci ba, amma da wuya ka ji wanda ya je ya ce ɗansa bai iya rubuta Hausa ba. An ɗauka tunda da ita aka raine shi, ya riga ya iya. Ni kuwa a ganina ciwon guda ne. Yaron da ba a taɓa nuna masa inda jimla ke farawa da inda take ƙarewa a harshen da ya sha a nono ba, ba zai gano hakan a harshen da yake ji na minti arba'in a rana ba.

Haka abin yake a Kano da Sakkwato da Zariya, sai dai nauyinsa ya fi hawa kan Daura. Masarauta ce mai ƙananan hukumomi biyar, Daura da Baure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu, wadda ake yi wa kirari da tushen Hausa, kuma ita ta karɓi baƙuncin babban bikin Ranar Hausa ta Duniya a watan Agustan 2025, a ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar. Cikin 'yan shekarun nan garin ya samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ga kuma Kwalejin Yusufu Bala Usman da ta riga su. Dukansu ɗalibi suke jira wanda zai karanta shafi ya fahimta, ya rubuta shafi a fahimce shi. Daga firamare da sakandaren masarautar nan ake sa ran ya fito.

Ƙa'idar da aka sha wuya kafin a kafa

Akwai maganar da ke yawo a bakin matasa, har da wasu masu digiri, cewa ai Hausa ba ta da ƙa'ida, kowa ya rubuta yadda ya ji a kunnensa. Duk mai faɗin haka bai san wahalar da aka sha ba. Tun kafin zuwan Turawa malamai ke rubuta Hausa da ajami. Rubutun boko kuwa, a 1912 Hans Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa, shekara uku bayan ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano. An daɗe ana kai-kawo kan yadda za a rubuta sautukan da Turanci ba shi da su. Wasu su ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su maƙala masa waƙafi a gefe, har aka tsaya kan ƙugiya a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya. A zamanin ne aka yi gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939.

Ba a tsaya nan ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. UNESCO ta tara masana a Bamako a 1966, aka yi wasu tarukan a Zariya da Kano a farkon shekarun 1970, aka sake zama a Yamai a 1980 don a kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Farfesa M. K. M. Galadanci ya wallafa littafinsa na nahawu a 1976, Farfesa Mu'azu Sani Zariya ya fitar da Tsarin Sauti da Nahawun Hausa a 1999, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Masana sun sauke nauyinsu. Abin da ya gagara shi ne ɗauko aikin daga kantar laburare a kai shi gaban allon aji.

Akwai wani abu a tarihin nan da ya kamata iyaye masu tsoron Hausa za ta hana 'ya'yansu Turanci su duba da kyau. Imam da Tafawa Ɓalewa duk ɗaliban Kwalejin Katsina ne, wadda aka buɗe a 1922, kuma har yau ana ba da misali da Turancin Tafawa Ɓalewa. Mutanen zamaninsu, da na bayansu irin su marigayi Muhammadu Buhari da ya yi firamare a Daura da Mai'aduwa kafin ya wuce Midil ta Katsina, da Hausa suka fara karatu da rubutu a elementare, Turanci ya biyo baya. Ba ta rage su da komai ba. Yaron da ya riga ya san baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da gaɓa, gaɓoɓi su ba da kalma, kalmomi su ba da jimla mai aya a ƙarshenta, in ya zo Turanci kalmomi kawai yake nema da sabon tsari, ba wai yanzu ne zai fara sanin mene ne karatu ba.

Su kansu ƙa'idojin ba su da wani yawa. Wakilin sunan da ke gaban aikatau a rabe ake rubuta shi: ya ce, sun tafi, na gode. "Za" ita kaɗai take tsayawa: za ka, za mu, za a. Amma "yana" da "suna" da "yakan" da "muka" da "suka" duk a haɗe suke. Gajeruwar mallaka a manne take, gidansa, motarta. Doguwar kuwa a rabe, nasa, tata. Wanda aiki ya faɗa wa a rabe yake, ya gan shi, an kama su, haka ma "ne" da "ce". In an haɗa da ƙugiya da alamomin rubutu, malamin da ya san aikinsa zai iya dasa su a kan ɗan aji huɗu na firamare cikin zango ɗaya, sauran shekarun kuma a yi ta maimaici.

Kada wani ya ce ƙyale-ƙyale ne na malaman jami'a. A ɗauki takardar da aka rubuta a gaban mai unguwa ko dagaci, aka sa "marigayi ya bata gonar". Shin ya ba ta gonar ne, wato kyauta ya yi wa matarsa ko 'yarsa, ko kuwa ya ɓata gonar? Ranar da aka rubuta kowa ya san abin da ake nufi. Bayan shekara ashirin, shaidu sun mutu, magada sun yi yawa, takardar ce kaɗai za a shimfiɗa gaban alƙali. Kotunan shari'ar Musulunci a jihohinmu da Hausa suke ɗaukar bayanin zamansu, haka takardun cinikin gida da gona da wasiyya da yarjejeniyar bashi a ƙauyukanmu. Tazarar da ba ta kai ƙwayar gero ba tsakanin "ba" da "ta" tana iya raba zumunci.

Abin da ke faruwa a cikin aji

A makarantu da yawa darasin Hausa maraya ne. In babu wanda ya karance ta, sai a duba malamin da ke da sarari a jadawali a miƙa masa, tunda ai Bahaushe ne. Ba wanda zai yi wa lissafi ko kimiyyar sinadarai haka. A wasu makarantun kuɗi kuma har tara ake cin yaro in an ji ya yi Hausa a harabar makaranta, don haka tun yana ƙarami ya gane cewa wannan harshe ne da ake jin kunyarsa, balle a ɓata lokaci wajen gyara rubutunsa. Daga lokacin da aka sauya manhajar babbar sakandare a 2011, harshen gida ya fita daga jerin darussan dole, ya koma na zaɓi. Ɗalibin kimiyya yana iya rabuwa da Hausa tun daga aji uku na ƙaramar sakandare, ya zama likita ko injiniya, ya dawo yana rubuta wa jama'a sanarwar rigakafi da irin rubutun da ya bar makaranta da shi.

Inda ma aka samu malamin da ya karanci fannin, yadda ake koyar da nahawu shi kansa abin dubawa ne, a Hausa da Turanci baki ɗaya. Haddar ma'ana ake yi. Malam ya cika allo da bayanin suna da sifa da aikatau da bayanau, yara su kwafe, su rera tare da murya ɗaya, ranar jarrabawa su amayar. Yaro zai gaya maka aikatau kalma ce mai nuna aiki, amma in ka ce ya ja layi ƙarƙashin aikatau a jimlar da shi da kansa ya rubuta sai ya tsaya yana kallon ka. Nahawun ya zama wani darasi mai zaman kansa da ba ya taɓa haɗuwa da rubutun yaron. Littafinsa cike yake da rubutu, amma duk kwafe ne daga allo. Yana iya gama zango bai ƙirƙiri sakin layi ɗaya daga kansa ba, kuma in malamin ya yi kuskure a allo, yara tamanin ne za su kwashe shi su kai gida.

Duk wanda ya yi firamare shekaru talatin ko arba'in da suka wuce zai tuna shifta. Malam ya riƙe littafi yana karantawa a hankali, yara na rubutawa, a tattara littattafai, ya bi su da jan biro. Kalmar da ka kuskure sai ka sake rubuta ta sau da yawa a ƙasan shafi kafin a ci gaba. Ga insha'i, ga rubutun wasiƙa, ga auna fahimta, ga darasin gyaran hannu. Babu wata fasaha mai tsada a ciki, alli ne da littafi da idon malam. Wannan ido shi ne abin da aka rasa.

Kafin a ɗora wa malami laifi, a yi masa lissafi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati na cikin gari ya san aji kan ninka haka, wani lokaci har ya wuce. A ce malamin Turanci ko na Hausa yana da aji huɗu, kowanne da ɗalibi 80. Littafi 320 ke nan. In ya ba kowane insha'i minti uku kacal, ya karanta, ya ja layi, ya rubuta gyara, sa'a 16 zai yi a kan aiki ɗaya. Mutumin nan yana da iyali, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, da damina yana da gona, da yamma wataƙila yana kasuwa ko yana kan babur. Abin da zai iya shi ne ya ja alamar ya gani, ya sa kwanan wata, ya miƙa. Daga baya ma sai ya daina ba da aikin rubutu, ya koma tambayoyin canki-canka da cike gurbi, waɗanda ko shugaban aji zai iya dubawa.

Tsarin jarrabawa ya ƙara ƙarfafa hakan. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ɗalibi na iya cin maki mai yawa bai rubuta jimla ɗaya ba. Amma WAEC da NECO ba su yafe rubutu ba. A takardar Turanci ta WAEC, cikin maki 50 na insha'i, an ware 10 don tsabtar rubutu kaɗai, wato nahawu da harrufan kalma da alamomi, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 ya cinye goman nan kaf. Ɗalibin da bai saba ganin jan biro ba yakan yi ashirin ɗin tun bai gama sakin layi na biyu ba, shi kuwa bai ma san ya yi ba. Daga nan ake fara neman hanyar satar amsa.

Sai batun shi kansa malamin, wanda shi ma ɗan wannan tsari ne. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba. An yi ta jayayya kan yadda aka yi jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma takardun amsar da aka nuna wa duniya sun girgiza kowa, kuma rubutun ne ya fi komai girgiza mutane. A Katsina, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 bayan ta yi musu jarrabawar tantancewa, abin a yaba ne. Abin da nake fata shi ne duk wata tantancewa ta gaba ta haɗa da shafi ɗaya na rubutun hannu da Hausa, ɗaya da Turanci, ko da lissafi mutum zai koyar, domin kowane malami a gaban allo malamin rubutu ne ko ya so ko bai so ba. Haka Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, bai kamata su miƙa wa kowa shaidar NCE ba sai ya nuna zai iya rubuta sakin layi mai tsabta, ya kuma iya gyara na wani. Tsofaffin kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar Giredi Tu a kan irin wannan suka yi suna.

Darasin da ke zaure

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, gyaran da muke nema yana nan a unguwa ɗaya da makarantar bokon, a zauren malam. Yaron da ake bari ya rubuta Hausa yadda ya ga dama da safe, shi ne da yamma zai zauna da allonsa a gaban malamin da ba zai bari ɗigo ɗaya ya kauce daga muhallinsa ba. A makarantar allo da babbaƙu ake farawa, yaro ya san kowane harafi da sunansa da kamanninsa. Sai farfaru, a ɗora wasali, ya ji yadda baƙi ke sauya sauti da wasalin bisa da na ƙasa da rufu'a. Sai a fara haɗawa. Ba ya wanke allo sai ya biya daidai. In ya girma ya zama gardi ya fara satu, wato rubuta Alƙur'ani da ka, sai ya kai allonsa darasu, alaramma ya bi shi harafi-harafi, ga sauran gardawa na saurare, kowa na jiran ya ji inda aka tsallake ɗauri ko shadda. Mutanen da ba su da albashi, ba su da ofis, ba su da manhaja a rubuce, sun riƙe wannan tsari ɗaruruwan shekaru, suna fitar da masu rubuta Alƙur'ani sukutum da hannu ba tare da sun duba ba.

Don haka ban yarda da masu cewa Bahaushe ba ya son tsanantawa a rubutu ba. Ya san darajar ɗigo. Abin da ya faru shi ne ba a taɓa gaya masa cewa rubutun boko na harshensa ma ya cancanci a tsaya masa ba. Ba ina kwatanta matsayin Littafin Allah da na wani rubutu ba ne, hanyar koyarwar nake nufi: daga harafi zuwa sauti, daga sauti zuwa gaɓa, kuma ba a wucewa sai an gyara.

Kusan irin wannan hanya shirin RANA ya bi, wanda UNICEF da ƙungiyar FHI 360 suka gudanar a jihohin Katsina da Zamfara da tallafin gwamnatin Birtaniya, inda aka koyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa, da littafin ɗalibi da jagoran malami da masu bibiyar malamai a aji. Hausa ta dace da wannan hanya ƙwarai, domin wasulanta biyar ne a rubuce, kuma kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, saɓanin Turanci inda harafi ɗaya kan fita da sauti uku ko huɗu. Sai dai shiri irin wannan yana da wa'adi. In kuɗin masu tallafi ya ƙare, littattafai suka yage, aka yi wa malaman da aka horar canjin wurin aiki, sai a wayi gari an koma gidan jiya, in dai jiha ba ta mayar da abin nata ba.

Manufa ta zo, manufa ta tafi

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare. A Nuwamban 2022, zamanin minista Adamu Adamu, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara shida. A Nuwamban 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, ya ce Turanci ne harshen koyarwa daga ƙasa har sama, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen gida.

Da girmamawa, hujjar nan ba ta zauna mini ba. Ba a fassara littattafan lissafi da kimiyya an raba wa makarantun Baure da Zango ba, ba a horar da malamai kan koyarwa da Hausa ba, yaran da suka shiga aji ɗaya bayan 2022 kuwa ko firamare ba su gama ba, balle su zauna WAEC. Tsarin da ba a aiwatar ba ba zai ɗauki alhakin faɗuwar kowa ba. Gwajin da aka yi da gaske a ƙasar nan shi ne na Ile-Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, aka ba Turanci ƙwararren malami a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta, kuma koyar da yaro da harshen da ba ya ji yana cikin dalilan da masana ke yawan ambata.

Abin da zai faru a ajin ƙauye kowa ya san shi, don shi ke faruwa tun da can. Malam zai rubuta Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafi abin da ba su gane ba, su gane abin da ba za su taɓa rubutawa ba. Su tashi ba wan ba ƙanen. Amma ko a ƙarƙashin sabon tsarin, Hausa tana nan a jadawali a matsayin darasi, kuma makarantun firamare a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke. Babu abin da ya hana Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Katsina ta ce wannan darasi za a riƙa yin sa da gaske, da malaminsa, da littafinsa, da lokacinsa na safe.

Waya, allon talla da tsallaken iyaka

Ana yawan ɗora wa wayar hannu laifi, kuma tana da nata kason. "Ykk" da "lfy" da "ngd", da sa x a madadin z, q a madadin ƙ, duk sun zama ruwan dare, kuma littattafan da ake rubutawa ana rabawa a WhatsApp da Facebook ba sa bi ta hannun edita, ga shi su matasa suka fi karantawa. Sai dai waya ta zo ne ta tarar da gurbi. Wanda aka koya wa ƙa'ida yana iya taƙaita saƙo ga abokinsa, in ya zo rubuta takardar neman aiki ya koma daidai. Wanda ba a koya wa ba, rubutun wayar ne kaɗai abin da ya sani. Uzurin rashin ƙugiya ma ya ƙare, tunda Gboard da ke kan yawancin wayoyi yana da Hausa, saitawa kawai ake yi. Allunan shaguna da fastocin 'yan siyasa da sanarwar hukumomi kuwa su ne littafin da yaro ke karantawa kullum a hanyarsa ta makaranta, kuma akasarinsu ba su san ƙugiya ba.

Daura tana da wani dalili na daban. Daga Kongolam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, taku kaɗan ne ka shiga Nijar. Can suna rubuta ƴ inda muke rubuta 'y, waɗanda suka yi karatun Faransanci kuma sukan sa "ou" a wurin u, "tch" a wurin c. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ƙasar da ta yi haka za ta nemi malamai da masu fassara da editoci da marubuta littattafan makaranta. Ga BBC da DW da RFI da TRT Afrika da Aminiya, ga kamfanonin fasaha da ke neman masu rubuta Hausa mai tsabta don horar da na'urorinsu. Wannan ita ce amsar masu tambayar yaro me zai yi da Hausa. Aikin yana nan, wanda ya iya rubutun ne ya yi ƙaranci, kuma babu garin da ya fi Daura cancantar samar da shi.

Gyaran ba ya jiran kwangila. Shifta ta minti goma sau biyu a mako, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, yara su yi musayar littattafai su duba wa juna daga abin da malam ya rubuta a allo, shi kuma ya ɗauki goma ya bi da kansa, mako mai zuwa ya ɗauki wasu goman: wannan ko a aji mai ɗalibi ɗari zai yiwu. Shafi ɗaya na ƙa'idojin rubutu a manne a bangon kowane aji bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba. Masu duba makarantu su daina tsayawa a kan rajista da littafin shirin darasi, su riƙa buɗe littattafan yara. Majalisar masarauta kuma, wadda maganarta ke da nauyi a kunnen hakimai da dagatai da shugabannin makarantu, tana iya sa gasar shifta da insha'i tsakanin makarantun ƙananan hukumomin nan biyar kowace shekara, a ba da kyautar a ƙofar fada ranar 26 ga Agusta, wato Ranar Hausa ta Duniya, ko lokacin Sallar Gani, a karrama malamin da ya koyar tare da ɗalibin da ya ci.

Kai kuma mai karatu, in kana da yaro a makaranta, ka karɓi littafinsa na Hausa da na Turanci yau da dare ka buɗe. Duba ko akwai shafin da ya rubuta daga kansa, ka duba ko akwai inda malam ya ja layi ya gyara. In ka bi zango guda ba ka samu ba, gobe ka je ka tambayi shugaban makarantar dalili, cikin mutunci, kuma ka tambaye shi yara nawa ne a ajin.